INTALOK KO DUTSE? YADDA DAƁEN TSAKAR GIDA YA KUSA SA NI YAJI

A wannan fitowar ba labarin saurayi da budurwa na zo muku da shi ba, labarin siminti ne da yashi da dutse. Amma don Allah kada wata ta yi saurin juya shafi, domin wannan siminti da yashin sai da suka sa muka yi kwana 6 ni da maigidana ba mai yi wa wani magana in ban da gaisuwa, har na kai ga ɗaure kayana a zani. Na ga ya dace in ba ku labarin yadda aka yi, ko wata za ta tsira da kuɗinta da kuma zaman lafiyar ɗakinta.

LAIFIN ALƘALAMINA

Duk wadda ta taɓa karanta littattafaina ta san ba na yi wa jarumaina rowar gida. In na tashi gina wa Alhaji gida a takarda, tun daga bakin get nake shimfiɗa masa dutse mai ruwan toka har ƙofar falo, in dasa furanni hagu da dama, in sa amarya ta fito da takalmi mai tsini yana ƙwas-ƙwas a kai. Ba na biyan tifa, ba na biyan magini, biro ɗaya ya ishe ni. To ashe yau da gobe abin ya shiga raina, har na fara ganin ni ma in ba a irin wannan tsakar gidan na zauna ba, to ban yi aure ba.

Alhali kuwa gidan da nake ciki a Haɗeja yake, gidan gado ne, sashenmu daban na Hajiya mahaifiyar maigidana daban, tsakar gida ɗaya muke haɗawa. Faɗinta mita 6, tsawonta mita 8, da bishiyar darbejiya a gefe guda. Lokacin da aka kawo ni shafen siminti ne a ƙasan, wanda aka yi sabo fil saboda bikinmu.

Sai ga daminar 2022. Ba sai na tsaya ba mutanen Jigawa labarin wannan shekarar ba, amma saboda 'yan uwa na nesa bari in ɗan taɓa. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Challawa suke haɗuwa, ya biyo ta Wudil da Ringim ya iso mana, ya wuce fadamun Nguru. A samansa akwai madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992. A ƙasanmu kuma ciyawar nan kacala ta cike hanyoyin ruwa, ga yashi ya taru, don haka in ruwa ya yi yawa ba ya samun hanyar wucewa da sauri, sai ya bazu. A 2022 ya bazu ƙwarai, ya ci gonaki da ƙauyuka a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri, kuma a faɗin Nijeriya sama da mutum 600 suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙansu. A cikin gari samari da magidanta ba su yi barci ba, dare da rana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaure jinga.

Kogin bai shigo gidanmu ba, alhamdu lillahi. Amma ƙasa ta ƙoshi har ta fara tsattsafowa, ruwan sama kuma ya rasa inda za shi, ya kwanta mana a tsakar gida fiye da mako guda. Da ya janye sai muka ga shafen simintin nan ya tsattsage kamar bayan kunkuru, in ka taka wani wurin sai ka ji yana ƙara kamar ganga, alamar ƙasan ya zaizaye. Kafin daminar 2023 ta ƙare ya farfashe gaba ɗaya. In an yi ruwa sai mun jera bulo muna tsallake kafin mu je madafa, 'yata Ummi kuwa kullum sai na wanke ta sau uku saboda caɓi.

RIGIMAR TA TASHI

Da rani ya shigo na ɗauki adashina, na haɗa da ɗan abin da na samu na littafi, shi ma maigidan ya sayar da shinkafarsa. Ran nan da daddare bayan ya ci tuwo sai ya ce, "Maman Ummi, na yi magana da masu buga intalok, in sha Allahu wata mai kamawa za a shimfiɗa mana."

Na ce, "Intalok kuma? Irin na gidan mai? Haba Yallaɓai, ni fa dutse nake so."

Ya yi dariya ya ce, "Wane dutsen? A ina kika ga dutse a Haɗeja?"

Wallahi dariyar nan ita ta ɓata komai. Na ce masa ai da ma na sani, komai nawa sai a nemo mai araha, da wata ce da tuni an kawo tifa. Na ce kuɗina na ciki, don haka ina da bakin magana. Shi kuma ya ce rubuce-rubucen ƙarya sun juyar mini da kai, na ɗauka shi ne Alhajin cikin littafina. Kun ji fa. Daga nan kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. In ya shigo in ajiye abinci in koma ɗaki, in zai fita ya ajiye kuɗin cefane a kan firji. A rana ta 6 na ɗaure kayana, ina jiran ya fita in kama hanyar gidanmu.

Ashe Hajiya tana kallon komai ta tagarta. Ta aiko a kira ni, na je na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "'Yar nan, na ji wai a kan ƙasar da ake takawa za ki bar ɗakinki?"

Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai. Sai ta shiga ba ni labarin yadda aka yi daɓen gidan nan lokacin da aka kawo ta. Ta ce matan unguwa ne suka taru, aka zuba birji aka yayyafa ruwa, kowace da madaɓinta a hannu, ana bugu ana waƙa tun hantsi har la'asar, sannan aka bi shi da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har ya yi ja yana ƙyalli. Ta ce, "Duk shekara in ya ɗan lotsa sai mu ƙara ƙasa mu sake bugawa. Ba mu taɓa yin daɓen da muka ce shi ke nan har abada ba, don mun san ƙasar garin nan motsi take yi. Ku 'yan boko kun ɗora mata siminti kun ce ta tsaya cik, ga shi nan ta nuna muku. Kwance kayanki. Gobe zan sa a kira mana tsohon maginin da ya yi wa marigayi aiki, ku zauna ke da mijin naki ku ji ta bakinsa."

ABIN DA BABA MAGINI YA CE

Washegari tsohon ya zo a kan kekensa. Bai ce mana komai ba sai da ya karɓi fartanya ya haƙa rami kamu biyu a tsakiyar gidan, ya damƙo ƙasar ya jiƙa ta, ya mulmula ta a tafin hannunsa har ta yi tsawo kamar igiya. Ya miƙo mini ya ce, "'Yata, kin ga wannan? Laka ce ta fadama. In ta sha ruwa kumbura take yi, in ta bushe ta tsuke ta tsage. Duk abin da kika ɗora mata wanda ba ya lanƙwasa, to ita za ta karya shi."

Na ce, "To Baba ai dutse ba ya karyewa."

Ya ce, "Gaskiyarki, dutse zai ga jikokinki. Ba ya koɗewa, kanwar ƙasa ba ta cinsa. Amma da me ake riƙe shi? Da siminti ake cike tsakaninsa. Dutsen ba zai fashe ba, haɗin ne zai tsage, ruwa ya shiga ta nan, wani ya ɗago wani ya nutse. In kina son ya zauna lafiya a irin wannan ƙasar sai an fara zuba masa kankare mai kauri da rodi a ƙasa, kamar za a yi dakin. Kin ga kuɗi biyu ke nan."

Sannan ya kawo maganar da maigidan ya yi mini da dariya, amma shi da hujja ya kawo ta. Ƙasar Haɗeja yashi ce da laka, jigawa da fadama, ba mu da duwatsu. Duwatsun jihar nan suna can wajen Dutse, babban birnin jiha tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, da Birnin Kudu da Gwaram, sai kuma Kazaure ta yamma. Ko dutsen niƙan kakanninmu sayo shi ake yi daga wata ƙasa. Don haka duk falalen da za a shimfiɗa a gidana sai mota ta ɗauko shi ta biyo ta Kiyawa da Jahun da Kafin Hausa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Intalok kuwa a nan gari ake buga shi. Gaskiya ne shi ma siminti da garin dutsen da ake haɗawa daga nesa suke zuwa, amma yashi da ruwa da ma'aikata duk namu ne.

Ya ce intalok ba a kama shi da siminti. A kan yashi ake jera shi ɗaya na cije da ɗaya, a share yashi mai laushi a cike tsakaninsu. In ƙasa ta motsa sai ya bi ta. In wani wuri ya lotsa bayan damina, sai a ciccire na wurin, a ƙara yashi a daddale a mayar da su, ba a sayi ko ɗaya sabo ba. Hajiya da ke zaune a kan tabarma ta ce, "To ai daɓenmu ke nan, sai dai shi an yanka shi gunduwa-gunduwa."

Maigidan ya kalle ni yana murmushin cin nasara. Baba magini ya juya gare shi ya ce, "Kai ma kada ka yi saurin murna. Wanda ka je ka yi ciniki na gani, kuma ko kyauta aka ba ni ba zan shimfiɗa shi ba." Nan fa murmushi ya koma ciki, ni kuma na ji wani sanyi a raina.

GANI YA KORI JI

Duk da haka zuciyata ba ta saki dutse ba, sai da na je na gani da idona. Akwai wata ƙawata da muka yi sakandare tare, mijinta mai hali ne, an shimfiɗa musu baƙin dutse shekara 3 da suka wuce. Da na shiga, kai, gida ya yi kyau kamar a fim. Amma da na cire takalmi a bakin baranda da misalin ƙarfe 5 na yamma, sai da na yi tsalle. Ta yi dariya ta ce, "Kaɗan kika gani, ki zo a watan Afrilu." Kun san zafin garinmu, a bazara yakan haura digiri 40, ga wuta ba kullum ba, yawancinmu a tsakar gida muke shimfiɗa mu kwana. Ta ce baƙin dutsen nan wuni yake yana shan rana, da daddare kuma ya yi ta amayo ta, ko ta kwara masa ruwa sai ƙarfe 1 na dare yake hucewa. Ta nuna mini wajen famfo inda gansakuka ta kama, ta ce a nan kakar mijinta ta zame tana alwala, sai da aka kai ta wajen mai ɗori. Na duba haɗin kuma na ga tsaga ta bi shi kamar yadda Baba magini ya faɗa, don ashe ba a yi masa kankare a ƙasa ba.

Da na ji zancen zamewar nan gabana ya faɗi, domin Hajiyarmu tana fama da ciwon gwiwa, kuma tun asuba take fitowa da butarta cikin duhu.

Daga nan na wuce gidan gwaggona, inda aka sa intalok mai araha. Shi ma abin tausayi. Jan launin ya koɗe ya koma kamar tsohon zani, gefunan sun marmashe, in ana shara sai ka ga yashi na fita daga jikinsa. Ba a yi masa dakalin da zai tare shi a gefe ba, don haka na bakin sun buɗe kamar haƙoran tsoho, ciyawa ta fito, cinnaku sun yi gida. Ta ce mai aikin a kan tsohuwar ƙasa kawai ya watsa yashi ya jera, kwana ɗaya ya gama ya karɓi kuɗinsa. Araha dai ba ta ado.

Na dawo gida jikina a sanyaye. Na gane cewa ni ina rigima ne a kan abin da baƙi za su gani, shi kuma maigidan yana rigima a kan abin da aljihunsa zai ji, ba wanda ya tsaya ya tambayi inda ruwa zai bi, ko wace ce za ta taka wurin nan da asuba.

KATANGAR INNA

Saura ƙiris mu yi wani kuskuren da ya fi duka muni. Da muka shirya, sai muka yanke shawarar a ciko tsakar gidan da ƙasa a ɗaga ta sosai, yadda ruwa ba zai sake kwanta mana ba. Baba magini ya zagaya bayan gida ya dawo ya ce mu biyo shi. Ya nuna mana rariyarmu, wadda take zubarwa a wani ɗan lungu, kuma a jikin lungun nan katangar ƙasa ce ta ɗakin Inna maƙwabciyarmu, tsohuwa mai riƙon marayu 4, da ƙosai take ciyar da su.

Ya ce, "Da can rabin ruwan gidan nan ƙasa ke shanyewa. In kun ɗaga kun shimfiɗe, kusan duk abin da ya sauko daga kwanonku ta nan zai fito da ƙarfi, ya kwanta a gindin katangar baiwar Allah nan. Ginin ƙasa kuwa ba daga sama yake mutuwa ba, daga gindi yake jiƙa ya zauna. Kun manta gidajen da suka rufta a 2022?"

Wallahi sai da na ji hawaye ya zo mini. A ɗakin nan yaran suke kwana. Da mun yi abinmu mun shiga ɗaki muna jin daɗin ƙarar ruwa a kan kwano, alhali muna tura wa marayu ajali. Ya ƙara da cewa ko don kanmu ma bai kamata a ɗaga ta kai dokin ƙofa ba, dole tsakar gida ta zauna ƙasa da daɓen ɗaki da kamar santimita 15, in ba haka ba ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a ƙarƙashin gado za mu same shi.

Daren nan ni na fara yi wa maigidan magana. Na ce, "Yallaɓai, na haƙura da dutsen. Abin da zai ragu a gyara hanyar ruwa." Ya yi shiru, can ya ce, "Ni ma ki yafe mini maganar da na faɗa a kan rubutunki. Kuma mai arahar nan na fasa."

YADDA AKA YI AIKIN

A farkon 2024 aka fara, daidai lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, don haka sai da muka ƙara jiran wata guda kafin kuɗi su cika. An kwashe ɓaraguzan tsohon simintin da lakar sama, aka zuba birji aka jiƙa aka daddale shi sosai hawa-hawa, sannan aka baza yashi mai kaushi kaurin yatsu biyu. An karkata shimfiɗar zuwa ƙofar gida, kowace mita ɗaya tana sauka da kamar santimita 2, aka toshe tsohuwar rariyar, aka fasa sabuwa da take zubawa a kwatar bakin titi. Lungun Inna kuwa aka yi masa shafe a gindin katanga.

Mun zaɓi mai kaurin santimita 6, tunda mota ba ta shigowa, inda mota ke hawa ne ake sa mai 8. Irin mai siffar bulo muka ɗauka, tsawo santimita 20 faɗi 10, wanda guda 50 ke cika murabba'in mita ɗaya. Launinsa na siminti ne kawai mai haske, ba ja ba baƙi, saboda zafi da kuma koɗewa. Mai aikin ya so ya shimfiɗa leda a ƙasa wai don hana ciyawa, Baba magini ya hana, ya ce leda za ta tare ɗan ruwan da ke tsiyaya ta tsakani, yashin ya zama kunu. An zagaye gefuna da dakalin kankare don kada su buɗe.

Ba duka muka rufe ba. Hajiya ta ce a bar mata gindin darbejiya da ƙasarsa, don saiwa ta sha ruwa, kuma a nan ake ajiye turmi, domin daka a kan intalok fasa shi yake yi, turmin ma ya tsage. Wajen wanke-wanke da famfo kuma kankare mai kaushi aka yi da 'yar hanyar ruwansa, saboda ruwan sabulu na kullum yana kwashe yashin tsakani.

Ana gobe za a gama, da magariba sai ga maigidan ya shigo da yara suna turo baro. Ashe wani direba abokinsa da ya kai kaya Dutse ya roƙa ya ɗoro masa 'yan falalen duwatsu guda 12 a bayan mota. Ya sa aka jera su zagaye da gindin darbejiyar, suka zama wurin zama a inuwa, inda rana ba ta dukansu kuma ba mai takawa da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Ya ce, "Ga dutsenki nan, Hajiyar Alhajin littafi." Ban san lokacin da na fashe da dariya ba, Hajiya kuwa ta ja mayafi ta shige ɗaki wai ita ba ta ga komai ba.

Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa a Jigawa. Ruwa ya taru mana sau biyu, amma cikin sa'a guda ya fice. Wani wuri kusa da madafa ya ɗan lotsa, da kaka ta yi maigidan da ƙaninsa suka ciccire guda 30 suka ƙara yashi suka mayar, kafin azahar sun gama. Katangar Inna tana nan tsaye. Ba zan ɓoye muku aibinsa ba: ciyawa takan leƙo ta tsakani sai na bi ta da wuƙa, in manja ya zuba yana barin tabo, kuma shi ma yana ɗaukar zafi a bazara, sai na yayyafa ruwa da la'asar kafin mu yi shimfiɗa.

SHAWARATA GARE KU

'Yar uwa, in maganar daɓe ta taso a gidanki, kafin ki ce wannan nake so, ki sa a haƙa ƙasar a gani. In kina garin dutse mai ƙasa mai tauri, kamar Dutse ko Birnin Kudu, ga shi kusa ga shi da sauƙi, to ki sa abinki, sai dai ki nemi mai haske mai kaushi, kada ki yarda da mai sulɓi in akwai tsofaffi da yara. In kuwa kina irin ƙasarmu ta bakin kogi, ki nemi abin da za a iya ɗagawa a mayar.

In za ku sayi intalok ku je wurin bugawar da kanku. Ki ɗauki biyu ki gwara, mai kyau ƙara yake yi tsantsan, marar siminti kuwa sai ki ji dum. Ki karce gefensa da ƙusa, in yashi ya zubo ki ajiye musu kayansu. Ki tambayi ranar da aka buga shi, domin siminti sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfinsa, kuma yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla makon farko. Wanda aka buga shekaranjiya aka shanya a rana ba kaya ba ne. Ku sayi 'yan ƙari ku ajiye saboda gyara. Kada ku tsuke hannu a kan aikin ƙasa, birji da daddalewa su ne aikin, abin da ake gani a sama ado ne. A yi aikin da rani, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kafin a ɗora ko guda ɗaya, ki zagaya bayan gidanki ki ga a gindin katangar wa ruwanki yake sauka.

Ku kuma iyayen gida, don Allah in za a yi irin wannan aikin ku zauna da matanku. Ita ce mai shara, ita ce mai wanki, ita ta san inda ruwa ke kwanciya da inda rana ke faɗawa. In ta kawo shawarar da ba za ta yiwu ba, a yi mata bayani da hujja, ban da dariya.

Yanzu haka a kan ɗaya daga cikin duwatsun nan 12 nake zaune nake wannan rubutu, Ummi na tuƙa kekenta a kan intalok, Hajiya na tsince zogale a gefena. Littafin da nake kan rubutawa ma na sa jarumar ta tambayi magini inda ruwa zai bi kafin ta zaɓi launi. Allah Ya kare mu daga ambaliya, Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, Ya sa mu zama alheri ga maƙwabtanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum, daga birnin Haɗeja.